Ratio legis: illa, dalili ko hikima?

Jama'a, ina neman kalma. Ina rubutu kan yadda masana shari'a na Turai a ƙarni na 16 da na 17 suke fassara doka, sai na ci karo da kalmar Latin ratio legis, na tsaya cak.

Ga abin da take nufi. Bajamushe Samuel Pufendorf, a 1672, ya kawo labarin wata doka ta birnin Bolonya a Italiya, wadda ta ce duk wanda ya zubar da jini a kan titi zai fuskanci hukunci mai tsanani. Sai wani ya yanke jiki ya faɗi a hanya, wanzami ya tsaga masa jijiya don ya ceci ransa. Jini dai ya zuba, a titi kuma. A hukunta wanzamin? Aka ce a'a, don an kafa dokar ne saboda masu sara da suka. Wannan "saboda" ɗin shi ne ratio legis.

Wani malamina ya ce ai ba sai an wahala ba, usulul fiƙhu ya riga ya ba mu "illa", wato sababin da ake rataya hukunci a kansa, a ce illar doka. A zauren karatu ya yi daidai. Amma fita kasuwa ka ce "illar dokar nan", kowa zai ɗauka cutarwarta kake nufi. Kalmar ta riga ta yi wani gida a bakin Bahaushe.

"Dalilin doka" fa? Ɗalibin fiƙihu zai ji dalili ya nemi aya ko hadisi. Ban yarda da ita ba.

"Manufar doka" ta fi daɗin faɗi, kuma na kusa ɗauka. Hugo Grotius ne ya hana ni. A 1625 wannan mutumin Holan ya yi gargaɗi cewa mutane da yawa suna haɗa ratio da abin da mai doka ya nufa a ransa, alhali ita alama ce kawai daga cikin alamomin da ake bin sawun nufin da su. To in na kashe "manufa" a nan, da me zan kira ɗayan? Gara in ajiye masa "nufin mai doka".

Don haka na karkata ga "hikimar doka". Malamanmu ma sun raba illa da hikima: illar yin ƙasaru ita ce tafiya, hikimarsa kuwa ɗauke wahala. Abin da ya ceci wanzamin Bolonya ya fi kama da na biyun.

Illa kuma ba ta tashi a banza ba. A Ingila, a shari'ar Heydon ta 1584, alƙalai sun ce a tambayi wace matsala ce tsohuwar doka ta kasa magancewa har majalisa ta yi sabuwa. Suna kiran matsalar mischief, kuma lauyoyin Najeriya har yau suna karanta ƙa'idar. Nan "illa" ta Hausar kasuwa ta zauna daram: ƙa'idar kawar da illa.

Lauyoyinmu da alƙalai, in kun ji "hikimar doka" a kotun majistare, za ta shige ku, ko za ku ji kamar wa'azi aka fara?