Wasiyyar mahaifinmu ta wuce sulusi, kuma akwai ƙananan yara cikin magada

Assalamu alaikum, malamai. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu watanni 8 da suka wuce, ya bar wasiyya da ajami mai sa hannun shaidu 2, cewa a mallaka wa makarantar Islamiyyar unguwarmu gidansa na haya. Bayan an biya bashin da ke kansa, dillalai 2 sun yi wa gidan kuɗi, kowannensu ya nuna ya kusa rabin dukiyar.

Limaminmu ya ce wasiyya ba ta wuce sulusi sai da yardar magada. Mu manya 4 mun yarda, amma ƙannenmu 2 ba su balaga ba, mahaifiyarsu kuma ta ce ba za ta yafe haƙƙin marayu ba, ni kuwa ban ga laifinta ba. Mun nemi a sayar da gidan a ba makarantar sulusi, kwamitinta ya ƙi, wai azuzuwa suke bukata. Rabon gado ya tsaya, kuɗin haya kuma suna taruwa a hannuna.

A mazhabar Malikiyya, shin ya halatta mu manya mu biya yaran kasonsu na gidan da kuɗi, sannan a miƙa shi ga makarantar?