Wai me karatun tarihin duniya ke ƙara wa mutum ne?

Ɗalibar Aji Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina da tambaya, kuma kar a yi min dariya. Wannan zangon an ɗora mana kwas ɗin tarihin duniya dole, alhali ni ɓangaren kimiyya nake, kuma wallahi sati uku ke nan ina shiga lacca ina fitowa yadda na shiga. Sunayen sarakuna, shekarun yaƙe-yaƙe, wane ya ci wane da yaƙi, wane ya gaji wane, in haddace yau gobe ya gudu. Jiya lakcaran ya ba mu jinga, wai mu rubuta shafi biyar kan abin da tarihin duniya ke koya mana game da bambancin al'ummomi da matsalolin da ake ciki yanzu, su annoba da ɗumamar yanayi da 'yan gudun hijira. Na zauna gaban kwamfuta awa biyu, layi ɗaya na rubuta shi ma na goge, don abin da na rubuta shi ne wai tarihi na koya mana mu zauna lafiya da juna, da na sake karantawa ni kaina sai da na ji kunya, ai ko ɗan firamare zai rubuta haka.

Ba so nake a yi min aikin ba fa. So nake wanda ya san abin ya gaya min tsakani da Allah, akwai wani abu na zahiri a ciki ko dai cika takarda ne kawai? Don ni a ganina da tarihi na koyar da darasi da tuni an daina yaƙi.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam 'yata. Ba mai yi miki dariya. Na koyar da wannan darasi shekara da shekaru kafin in yi ritaya, kuma laifin namu ne mu malamai, mu muka mayar da shi hadda. Bari in ba ki labari ɗaya ki juya shi da kanki.

A watan Oktoban 1347 wasu jiragen ruwa na 'yan kasuwar Jenowa suka shigo tashar Messina a tsibirin Sisili, sun taso daga Bahar Aswad. Cikin ma'aikatan jiragen wasu sun riga sun mutu, wasu na kwance kaluluwa ta fito musu a hammata da matse-matsi. Kafin shekara biyar annobar ta kwashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, kuma ba Turai kaɗai ba, ta yi ɓarna a Masar da Sham da arewacin Afirka, Ibn Khaldun a cikinta ya rasa uwa da uba a Tunis. Hanyar da ke kawo siliki da kayan ƙamshi, ita ɗin dai ce ta kawo cutar.

To duba abin da mutane suka yi. A Strasbourg, watan Fabrairun 1349, aka tara Yahudawan garin ɗaruruwa aka ƙona su, wai su ke zuba guba a rijiyoyi, kuma abin da zai ba ki mamaki annobar ba ta ma iso garin ba tukuna. Bayan an kashe su aka soke basussukan da suke bin mutane, kin ga ba tsoro ne kaɗai ke aiki ba ke nan. Fafaroma Clement na shida ya riga ya fitar da takarda tun 1348 yana cewa ai Yahudawan ma cutar na kashe su kamar kowa, ba wanda ya saurare shi. A ɗaya gefen kuma, birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrovnik, a 1377 ya yi doka cewa duk wanda ya fito daga inda ake annoba sai ya zauna kwana 30 a keɓe kafin ya shigo gari. Daga baya wasu biranen suka mai da shi kwana 40. Su ma fa ba su san ƙwayar cuta ba, ido kawai suka sa suka lura da yadda abin ke tafiya.

Yanzu ki tuna 2020. Killacewa ta dawo, neman wanda za a ɗora wa laifi ma ya dawo, an ci zarafin mutane masu kama da 'yan Asiya a tituna a ƙasashe da dama. Murar 1918 har yau ana ce mata ta Sifaniya, alhali dalilin kawai shi ne Sifaniya ba ta cikin yaƙin duniya na ɗaya, jaridunta na buga labarin cutar a fili, su kuma masu yaƙi suna ɓoyewa. Irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar a daina sa wa sabbin cututtuka sunan ƙasa ko gari.

Gardamau:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ni kam ina bayan ƙanwarmu. Labarin da ka bayar ma ai ni ya goya wa baya, shekara kusan ɗari bakwai ana maimaita abu ɗaya, ina darasin yake?

Ɗauki maganar 'yan gudun hijira. Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa kan Yahudawan da ke gudun Hitler, kowa ya tashi ya yi jawabin tausayi ya koma ya zauna, Jamhuriyar Dominika ce kawai ta ce za ta karɓi masu yawa. Shekarar da ta biyo baya jirgin ruwan St. Louis ɗauke da mutum fiye da 900 ya je Kuba aka hana su sauka, Amurka ta hana, Kanada ta hana, ya juya Turai, sama da 250 a cikinsu daga baya aka kashe su. An yi nadama, an rubuta yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, to yau me ke faruwa a Bahar Rum? Ba jiragen ake juyawa ba?

Ko Habasha. Mamba ce a ƙungiyar ƙasashen duniya ta farko, wadda aka kafa a 1920, Italiya ta afka mata a 1935 har da iskar guba, aka sa wa Italiya takunkumin da bai haɗa da man fetur ba, wato an ɗaure akuya da zaren ɗinki. Sarki Haile Selassie ya je Janiba a Yunin 1936 ya yi musu magana ido da ido, wata mai zuwa suka ɗage takunkumin. Waɗanda suka yi wannan duk sun yi karatun tarihi, wasunsu a manyan jami'o'in duniya. Sani daban, son rai daban.

Mai Lissafi:

Gardamau ba ka da dama wallahi. Ni ba zan shiga faɗanku ba, da 'yar'uwata 'yar kimiyya zan yi magana. Ki ɗauki biro ki rubuta 205. Wannan sifilin na tsakiya, a Indiya aka raine shi, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da shi a 628. Ya shigo Bagadaza, al-Khwarizmi ya yi littafi a kan lissafin Indiyawa wajen 825, kuma shi kansa asalinsa daga Asiya ta tsakiya ne. Sai wani yaro ɗan Pisa ta Italiya, babansa na aikin kwastan na 'yan kasuwarsu a Bijaya da ke Aljeriya ta yanzu, ya koyi lambobin a can, ya girma ya rubuta littafinsa a 1202, shi ne Fibonacci. Kalmar aljabara da kike gani a takardar jarabawa Larabci ce, kalmar algoridim da 'yan kwamfuta ke ta faɗa kuma sunan al-Khwarizmi ne bakin Turawa ya lanƙwasa. Takardar da kika yi rubutun a kai daga Sin ta taso, ta bi ta Samarƙand da Bagadaza da Andalus kafin ta kai Italiya.

Gwada raba 1347 gida 12 da lambobin Romawa ki ga yadda gumi zai karyo miki.

Abin da ya fi burge ni shi ne birnin Toledo na Sifaniya, bayan Kiristoci sun karɓe ta a 1085, an zauna Musulmi da Yahudawa da Kiristoci ana juya littattafan likitanci da taurari daga Larabci zuwa Latin. Kuma ƙasar nan dai ita ce a 1492 ta kori Yahudawanta, a 1609 ta fara korar jikokin Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci. Sarkin Turkiyya Bayazid na biyu ya karɓi Yahudawan da yawa, har su ne suka kafa injin buga littafi na farko a Istanbul.

Ɗalibar Aji Biyu:

Kai, na gode ƙwarai, wallahi ban taɓa jin labarin sifilin nan ba. Amma yanzu kun ƙara rikita ni. Shi bambancin alheri ne ko fitina? Don duk inda na ji ana yaƙin basasa sai a ce ƙabilanci ne ko addini.

Matafiyi:

Ƙanwata ki yi hattara da wannan "sai a ce" ɗin. Ruwanda 1994, an kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari, amma Hutu da Tutsi yarensu ɗaya, yawancinsu addininsu ɗaya, suna auratayya. 'Yan mulkin mallakar Beljiyam ne a shekarun 1930 suka buga wa kowa ƙabilarsa a katin shaida, kuma wannan katin aka riƙa dubawa a shingayen hanya lokacin kisan, gidan rediyo na zuga mutane. Somaliya kusan kowa yare ɗaya addini ɗaya, gwamnati ta rushe a 1991. Suwizalan kuwa harsuna huɗu ne na ƙasa, ga Katolika ga Furotesta, sun yi ɗan yaƙin basasarsu a 1847 bai kai wata guda ba, a 1848 suka zauna suka raba iko tsakanin jihohinsu da tarayya.

Indiya 1947 kuma, lauyan Ingila Cyril Radcliffe bai taɓa taka ƙasar ba, aka ba shi kusan sati biyar ya ja layi tsakanin Indiya da Pakistan, mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu. In kin ga wuta ta tashi ki tambaya wa ya riƙe ashana, kuma me ya samu bayan ta ci.

Tsohon Malami:

Gardamau ɗana, ban ce kowa na ɗaukar darasi ba. Amma ina da tabo a dantsena na hagu, ɗan zagaye kamar an danna kan ƙusa, na rigakafin agana ne, jikokina ba su da shi don ba sa buƙata. A ƙarni na 20 kaɗai an ƙiyasta cutar ta kashe mutum miliyan 300. Dabarar ɗibar ruwan ƙurjin mai cutar a tsaga fatar mai lafiya a sa masa, an san ta a Sin da Indiya da Turkiyya da sassan Afirka tun kafin likitocin Turai su yarda da ita. A Boston wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus shi ya bayyana wa ubangidansa ita, aka gwada a annobar 1721. Edward Jenner ya zo da rigakafin da ya fi aminci a 1796. A 1958 Tarayyar Sobiyet ta kawo shawarar a kawar da cutar daga duniya baki ɗaya, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kowa ya saita makaman nukiliya a kan ɗan'uwansa, amma Sobiyet ta ba da allurai masu ɗimbin yawa, Amurka ta ba da kuɗi da ƙwararru, ma'aikata suka bi ƙauye-ƙauye da wata 'yar allura mai baki biyu, a tsoma ta a ruwan maganin a caccaka dantse sau 15, ko wanda bai yi makaranta ba zai koya cikin 'yan mintoci. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a gari a Somaliya ne, 1977, kuma ya warke. 1980 aka sanar ta ƙare.

Gardamau:

Na karɓi wannan Malam, har in ƙara maka da yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan sinadaran firij da makamantansu da ke huda lemar ozon mai kare mu daga haskoki masu cutarwa na rana, ita ma ta yi aiki. Amma agana ba wanda ke cin abinci da ita, su kuma sinadaran firij an samu madadinsu da wuri. Man fetur da kwal fa? An cimma yarjejeniyar ɗumamar yanayi a Faris a 2015, Amurka ta fita ta dawo ta sake juyawa. Nan ne nake jiran tarihi ya nuna min misali.

Ɗalibar Aji Biyu:

To ni dai na samu abin yi, zan ɗauki annobar 1347 da agana in jera su, in sa maganar Yaya Gardamau a shafi na huɗu don kar lakcaran ya ce gefe ɗaya na bi. Baba Malam don Allah, dokar Ragusa kwana 30 ɗin a cikin jirgi ake zama ko wani wuri aka ware musu? Ranar Litinin zan miƙa.