Kwana a gidan mutane a tsibirin Tafkin Biktoriya, wa ya taɓa yi?

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Ƙanina zai gama karatu a Kampala, ni gida suka wakilta in je bikin yaye su, to akwai wani abokinsa ɗan can da suka zauna ɗaki ɗaya shekara biyu, iyayensa na tsibirin Bugala cikin tafkin Biktoriya, ya dage wai lallai sai mun je mun kwana biyu a gidansu kafin mu dawo. Ni gsky raina na so, amma tunda nake ruwan da na sani bai wuce Galma da dam ɗin Samaru ba, ga shi mutanen gidan ba Musulmi ba ne, ina tunanin sallah da abinci. Mu sauka gidan ne ko mu kama otal mu riƙa zuwa gaisuwa? Kuma me ake kai musu?

Bazazzagi a Mbale:
Wslm. Yallaɓai ka sauka gidan, kar ma ka yi dogon tunani. Na yi shekara uku a Yuganda, na je wajen sau ɗaya. Tsibiran ana ce musu Ssese, guda 84 ne, Bugala shi ne babba, nan garin Kalangala yake. Hanya biyu ce, ko ku hau babban jirgin da ke tashi daga Nakiwogo kusa da Entebbe, tafiyar awa uku da rabi haka ya sauke ku Lutoboka, ko ku bi mota ta Masaka zuwa Bukakata ku haye da jirgin fito, wannan ya fi gajarta a kan ruwa. Na Entebbe sau ɗaya yake tashi a rana, in kun makara sai gobe.
Otal ɗin bakin ruwa yashi da turawa kawai za ka gani. A gidan da na sauka kuwa da asuba na bi mai gidan bakin gaɓa lokacin da masunta ke dawowa, ga karfasa ga giwan ruwa irin wadda mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, ga wasu ƙananan kifi da suke kira mukene an baje su a rana kamar yadda muke shanya barkono, da dare ake kama su da fitila, in ka hango tafkin sai ka rantse wani gari ne a tsakiyar ruwa. Uwar gidan ta dafa mana matoke, ayaba ce ɗanya ake naɗe ta a ganyenta a turara ta yi laushi kamar tuwo, da miyar gyaɗa. Har yau ban manta matar nan ba wlh, da ta ga ina neman wajen alwala ita da kanta ta ajiye min jarka da tabarma, kullum kuma sai na tarar an share gurin.
Nama ne kawai za ka kula, suna cin alade sosai a ƙasar. Ku sa abokin ya faɗa wa iyayensa tun kafin ku iso, cikin ladabi, kifi ya ishe ku.

Maman Ilham:
Ni ƙanina ruwan ne damuwata. A tafkin nan ne jirgin MV Nyerere ya kife a 2018 ta ɓangaren Tanzaniya, sama da mutum 200 suka rasu, lodi ne ya yi yawa. Dan girman Allah kar ka hau ƙaramin kwalekwale da yamma ko da dare, da dare ne hadari ya fi tasowa a wurin, kuma duk jirgin da ba a ba ka rigar ceto ba ka sauka. Sannan ban da wanka a bakin tafki, akwai tsargiya. Ka tafi da gidan sauronka da katin rigakafin shawara, za su tambaya a filin jirgi.

Malam na Ƙofar Doka:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ni maganar tsaraba zan yi. Kar ka miƙa wa mai gida kuɗi a hannu, gayyatarku aka yi, zai ji kamar ka maida gidansa otal. Ka shiga kasuwar Sabon Gari ka sami atamfa mai kyau turmi ɗaya wa uwar gida, mai gida kuma hula aikin hannu ta cikin birni, a Kampala ku ƙara da sukari, shinkafa da sabulu tunda komai sai an tsallako da shi ruwa. Kuma kar ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane hoto sai ka tambaya, mu ma ba ma so baƙo ya shigo zaure ya fara haka. In mata ko yara sun durƙusa gaishe ka, al'adarsu ce, ka amsa da sakin fuska. Ka riƙe kalma ɗaya, weebale, na gode ke nan.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na kira ƙanin nawa ya ce su shirya mana, ta Entebbe za mu bi. Malam hular nan mai nawa kake ganin ta dace, kuma ya zan san girman kan mutumin?

Malam na Ƙofar Doka:
Ka sa ɗan nasa ya gwada hular ƙaninka ya faɗa maka, in ta yi masa sai ka ƙara lamba ɗaya. Ka zo bayan la'asar in raka ka wajen masu ɗinkin.