Bunsurun da ba a yanka ba: me za mu kira shi da Hausa?

1. Ranar Lahadi a majami'armu ta ƙauye, kusa da Gani a Sumaila, wani baƙon mai wa'azi ya faɗi kalmar Turanci scapegoat. Tafinta ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce "ragon layya". Tun daga ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

2. Ga asalinsa a Littafin Firistoci sura 16. Ranar Kafara, goma ga wata na bakwai, Haruna babban firist yakan kawo bunsuru biyu a jefa kuri'a. Ɗaya a yanka shi hadaya don zunubi. Ɗayan Haruna ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, a kai shi jeji a sake shi da ransa. Na biyun nan ne Tindal, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci, ya ƙera wa kalmar scapegoat a 1530.

3. To ragon layya bai shiga ba. Shi yanka shi ake yi, a ci, a kai wa maƙwabta, kuma babu mai ɗora masa zunubi.

4. Wani ya ce saniyar ware. Ta kusa, amma ita ware ta kawai aka yi, ba kayan kowa a kanta. "Bunsurun kafara" kuwa ya haɗe su biyun, ba ka san wanne ake nufi ba.

5. Na kai maganar gun wani dattijo yana tufkar igiya a ƙofar gida. Na ce, "Baba, bunsurun ɗaukar zunubi fa?" Ya ce, "Yaro, ɗauka daban, ɗaukewa daban. Jaki ma yana ɗaukar taki, ka gan shi da mangala ya kai gona ya dawo. Abin da aka ɗauke kuwa ya bar gidanka ke nan."

6. Nan na tsaya: bunsurun ɗauke-zunubi. Ina son ta don tana kai kunnen mai sauraro ga Yahaya 1:29, inda aka kira Yesu Ɗan Rago mai ɗauke zunubin duniya, da Ibraniyawa 13:12, inda ya sha wuya a bayan gari. Ita zan faɗa wa 'yan makarantar Lahadi.

7. 'Yan'uwa na Roni da Malam Madori, ku da me kuke kiransa a wajenku?