Neman kalmar Hausa: me za mu kira "hantin" na ƙaramin inji?

Malam Habu

Assalamu alaikum, ma'abota sana'a. Akwai wani ciwo na ƙananan injuna masu fistin ɗaya, irin na janareta da na ban ruwa, wanda littattafan Turanci suke kira hunting, bakanikai kuma suka mayar da shi hantin. Shi ne ka tayar da inji, ya ɗauki gudu, ya saki, ya sake ɗauka, ya sake saki, duk bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ba ya mutuwa, ba ya kuma zama wuri ɗaya. In janareta ne, za ka ga ƙwan fitila yana haske yana dusashewa tare da ƙarar.

Fassarar kai tsaye ita ce farauta, wadda ba ta gaya wa mai koyon aiki komai. Dalilin da ya sa ake buƙatar kalmar da za ta tsaya ita kaɗai shi ne, mutane sun saba cewa "inji yana mis" ga duk wani rashin daidaito, sai yaro ya ruga ya canza fulogi alhali ciwon yana cikin kafireto, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska. Ina da kalmomi biyu a hannu: haki, da hawa-da-sauka. A duba mana.

Oga Tanimu

Wa'alaikumus salam, Malam. Bari a fara da abin da ke faruwa a cikin injin, don kalmar ta dace da shi. Gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, yana da ƙananan ƙarafa masu nauyi a cikin injin waɗanda ke buɗewa idan gudu ya ƙaru, su tura hannun gwamna ya rufe totur. A waje kuma akwai sifirin da ke jan hannun don ya buɗe totur. Inda ƙarfin su biyun ya yi daidai, nan gudun inji yake tsayawa: zagaye 3,000 a minti ga ƙaramin janareta mai Hz 50, 3,600 ga mai Hz 60.

To idan fetur ya yi wa iskar da ke shiga kaɗan, gudu ya faɗi. Sifirin ya wangale totur, babban jet (ramin da ke ba da mai a kafireto idan totur ya buɗe) ya zuba mai, gudu ya wuce inda ake so. Gwamna ya rufe totur da sauri, injin ya koma kan ƙaramin jet (mai ba da mai idan totur ya kusa rufewa) wanda shi ne a toshe, gudu ya sake faɗuwa. Haka za su yi ta yi ba iyaka. Tartsatsin fulogi lafiyarsa ƙalau a duk wannan, kowane bugu yana kamawa.

Injiniya Rabi'u

Da wannan bayani na Oga, haki bai dace ba. Haki na wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ne, kuma bakanikai sun riga sun ba shi aiki: janareta da aka ɗora wa lodi fiye da kima, ƙararsa ta yi nauyi, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi. Shi kuwa ciwon da muke magana ya fi bayyana ne lokacin da babu lodi sam. In muka ce haki, mai inji zai je ya rage kayan wuta, ciwon kuma ya ƙaru a gabansa.

Hawa-da-sauka gaskiya ce, amma ta yi faɗi. Wutar janareta tana hawa da sauka ko da injin yana tafiya daidai, idan burushi ya cinye ko na'urar daidaita wuta ta lalace. Wannan matsalar ɓangaren wuta ce, ba ta inji ba.

Malama Hadiza

Ni ina ba da shawarar lilo. Ku ɗaga tanki ko ku leƙa ta ƙasansa ku kalli hannun gwamna da doguwar sandar da ta haɗa shi da kafireto: suna zuwa suna dawowa a kan tsari ɗaya, ba gaggawa ba jinkiri. Kalmar ta ɗauki abin da kunne ke ji da abin da ido ke gani, tana kuma nuna wa yaro inda zai kalla. Ga sauƙin sarrafawa a baki: inji yana lilo, lilon ya tsaya, lilon silo, lilon lodi.

Ɗanlami

Allah ya ƙara basira, Anti. Tsorona ɗaya: kada a ɗauka ana nufin injin ne yake rawa a kan ƙafafunsa saboda robobin da ke ƙarƙashinsa sun yage. Sannan Oga, in yana lilon, ta yaya za a san daga mai ne ko daga gwamna?

Oga Tanimu

Wancan sunansa jijjiga, Ɗanlami, kowa ya san shi da haka, ba za su cakuɗe ba. Na karɓi lilo.

Gwajin farko ba ya buƙatar sifana. Bari injin ya ɗumama minti biyu zuwa uku, sannan ka ja cok a hankali zuwa rabi. Cok yana rage iska, yana ƙara tsotso mai. In lilon ya tsaya cak, mai ne bai isa ba, kada ka taɓa gwamna. In ya ƙara muni har da baƙin hayaƙi, to mai ya riga ya yi yawa, sai ka duba matatar iska ko allurar fulot, wadda ke tsayar da shigar mai idan kofin kafireto ya cika.

Na biyu, sa yatsa ka tura hannun totur na kan kafireto har ya jingina da sukurun silo, wanda ke saita mafi ƙarancin gudun inji. Lafiyayyen inji zai zauna a wajen zagaye 1,400 yana bugawa a natse. In ya mutu nan take, galibi ƙaramin jet ne ya toshe. Shi ya sa rabe-raben Malama suka yi amfani: lilon silo, wanda ke ɓacewa da zarar an ɗora lodi, na ƙaramin jet ne. Lilon lodi, wanda ke farawa sai an ɗora nauyi, na babban jet ne ko na hanyar da mai ke bi daga tanki.

Akwai wani da ke ruɗa mutane. Inji ya tashi lafiya, sai bayan minti goma ko ashirin ya fara lilo ya mutu. Sassauta murfin tanki. In ya warware, ƴar ƙofar iskar murfin ce ta toshe, mai ba ya iya sauka.

Injiniya Rabi'u

Ga yadda ake wankin, a kan injuna masu cc 163 zuwa 196 irin Honda GX160 da GX200 da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su. Kashe inji, cire hular fulogi, rufe famfon mai. Kwance notin tsiyaya na kofin kafireto ka tari man a kwalba mai haske. In akwai ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa, fetur a sama. In man ya yi duhu yana warin fenti, ya tsufa. Fetur da ya kwana a kofi fiye da wata guda yakan fara barin danƙo, mai haɗin etanol kuma yana jan laima daga iska. Irin wannan man a zubar da shi duka har na tanki, in ba haka ba wankin banza za a yi.

Cire kofin da sifana lamba 10. Zare ƙusar fulot, ka ajiye allurar inda ba za ta ɓace ba. Babban jet yana cikin bututun tsakiya, a kwance shi da sukudireba mai faɗin da ya cika tsagar, domin tagulla ce mai laushi, in tsagar ta lalace an shiga wahala. A bayansa akwai dogon bututu mai ƙananan ramuka a jikinsa, shi ma ya fito, kowane rami ya ga haske.

Ƙaramin jet ɗin nan ne ake yawan mantawa. A wannan kafireto baƙar roba ce a sama, sukurun silo ya danne ta. Ƙirga zagayen da ka yi wajen kwance sukurun, ka ɗago jet ɗin a hankali. Raminsa bai kai rabin milimita ba. Zare guda na wayar tagulla mai laushi ya isa, sai maganin wanke kafireto da iska. Allura ko ƙusa tana faɗaɗa ramin, injin ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada. A duba ƙananan robobin zobe da ke jikinsa, in sun tsage iska za ta shiga ta nan. Sukurun haɗa mai da iska, in yana juyawa, a ƙirga zagayensa zuwa ciki kafin a cire, a mayar da shi yadda yake. Galibi wajen zagaye 2 ne daga rufe, kuma ba a ɗaure shi da ƙarfi.

In an wanke tsaf lilo bai tafi ba, iska tana satar hanya. Tsakanin kafireto da kan inji akwai baƙin faranti mai hana zafi da gasket a kowane gefe. Farantin kan tsage, gasket kan yage ko a sa shi a juye ya rufe ƙaramin rami. A fesa maganin kafireto kaɗan a wurin inji yana tafiya, in ƙara ta canza an gano wurin. Wannan gwajin a fili ake yinsa, nesa da salansa mai zafi, kuma kada a taɓa kunna inji a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Malama Hadiza

A ƙara da na gwamna, tunda shi ma yana da nasa lilon ko da yake bai kai na mai yawa ba. Akwai siririn sifirin da ke kewaye da sandar totur, aikinsa ɗauke sakacin da ke ramukan haɗi. In ya ɓalle ko ya ɓace, sandar tana wasa, gwamna yana makara wajen amsawa. Haka in an mayar da babban sifirin wani rami daban a hannun gwamna, ko an ja shi ya miƙe. Saita gwamna kuwa: sassauta notin hannun, tura hannun har totur ya buɗe gaba ɗaya, juya sandar gwamna ta wannan ɓangaren har ta tsaya, sannan a ɗaure. Wanda ya yi shi a juye, injin zai tashi da gudun da zai iya fasa shi, don haka hannu ya kasance a kan makunni a tashin farko.

Malam Habu

Madalla. Saura abokin ruɗaninsa, wato mis. Ina ganin a ce fashin wuta, kamar yadda muke cewa abu yana zuwa ba fashi. Bugu ɗaya ne bai kama ba, sai ka ji "fat" a salansa ba a kan tsari ba, hannun gwamna ya zabura sau ɗaya ya koma. Ba shi da lokaci, shi ne bambancinsa da lilo.

Nan ne fulogi yake da magana. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, fari tas ƙarancin mai, baƙar kunkunniya a bushe yawan mai, baƙi mai danshi kuwa baƙin mai ne ke haurowa ta ringi. Tazarar kwayil da faifan maganaɗisu wajen milimita 0.4. Bawul ana auna shi inji a sanyi, fistin a can sama bawul biyu a rufe: na shiga 0.15, na fita 0.20. In tazarar bawul ta matse, injin zai yi daidai da sanyi ya fara fashi da zarar ya yi zafi. Kada a manta da na'urar tsaron baƙin mai: injin yana ɗaukar wajen lita 0.6, in ya ragu ko an ajiye inji a karkace, tana ɗauke tartsatsi tana mayarwa.

Ɗanlami

Na riƙe: lilo a fara da cok, fashin wuta a fara da fulogi, haki a rage lodi. Amma Malam, in ƙarancin man ya yi tsanani, ai yana kawo fashin wuta da harbi ta kafireto, ko?

Oga Tanimu

Yana kawowa, shi ya sa gwajin cok yake zuwa farko ko da wanne ka ji. In ka ja rabi fashin ya ɗauke, ajiye fulogin, koma kan jet. In bai canza komai ba, cire baƙar wayar kashe inji daga jikin kwayil ka sake tayarwa. In ya daidaita, laifin makunni ne ko na'urar baƙin mai, in bai daidaita ba sai a gwada wani fulogi, sannan kwayil. Ka tuna da wayar a cire makunni ba zai kashe injin ba, sai dai ka rufe famfon mai ka jira ya shanye na kofi.