Kalkulas ya kayar da ni: in sauya sashe ko in sake gwadawa?

Abba Rikkos: Salamu alaikum. Ina aji biyu a jami'a, sashen Fiziks, ina da kariyoba (kos ɗin da na faɗi, sai na maimaita) a MTH 102, wato kalkulas, wani reshe na lissafi. Ga shi bana an ɗora mana kos ɗin difarenshiyal ikweshon, wanda ba ya warwaruwa sai da intigireshon, ɓangaren kalkulas da na faɗi kenan. Daga la'asar ina tsaron shagon kawuna a Terminus, ba ni da halin zuwa tutoriyal ɗin yamma. In nemi sauya sashe, ko in haɗa kos ɗin biyu in sake gwadawa?

Hafsat: Wa alaikumus salam. Ka shiga tutoriyal ɗin yamma, a Angwan Rogo dubu 5 ne duk zango.

Nura Farin Gada: Dubu 5 a ina? Ƙanina dubu 15 ya biya, kos ɗaya tak.

Baban Ilham: Ƙanina, gudu tun da wuri. Ni lissafi zalla na karanta a wata jami'a, ba zan kama suna ba. Kalkulas wasa ne, Riyal Analisis, kos ɗin da ke gaba da shi, ne ya tsayar da ni. Can ba a tambayarka amsa, cewa za a yi ka tabbatar da hujja, da alamomin efsilon da delta. Malaminmu ya shigo ya ba mu baya, ya cika allo, ya goge kafin mu gama kwafa. Ka ɗaga hannu ya ce wannan ai a bayyane yake. Na ci 38, maki biyu suka raba ni da 40, makin cin kos ɗin. Abokaina suka tafi bautar ƙasa, ni ina maimaita shekara a kan kos ɗaya. Mahaifina ya rasu bai ga takardata ba.

Hafsat: Allah Ya jiƙan Baba da rahama.

Injiniya Sadiya: Amin. Amma Yaya, Abba bai kai can ba. Abba, koma kan tirigonometri da logaridim, yawanci nan ɓarakar take. Kalkulas ba a karanta shi da ido, biro da takarda ne, tambaya biyar kullum bayan asuba. Kuma ka fara share kariyoban, domin F sifili ce amma ana ƙirga yunit ɗinta, ita ke jan CGPA, wato matsakaicin makinka gaba ɗaya, ƙasa.

Baban Ilham: Ku injiniyoyi fomula kawai kuke hadda.

Injiniya Sadiya: Ai kos ɗin da ya tambaya shi muka ci.

Danlami: Shekara nawa ana neman x, a kai cigiya gidan rediyo mana!

Malam Auwal: Laifin daga tushe ne. A sakandaren da nake koyarwa ba mu da malamin Foda Mas, wato lissafi mai zurfi, ko ɗaya. Yaro ya zo da A a WAEC daga sentar da ake rubuta musu amsa a allo, ka ba shi kwadiratik ya tsaya yana kallonka.

Nura Farin Gada: Kuma iyaye ne ke biyan kuɗin da hannunsu, Malam. Maƙwabcina har bashi ya ci.

Abba Rikkos: Na gode. Akwai wanda ya san mai koyarwa ranar Lahadi?