Wane suna za mu ba kofaretif na masu aiki da Hausa?

1/ Wasu kafintoci a Katako, nan Jos, suna shirin haɗa jari su buɗe shago ɗaya wanda babu maigida babu yara a cikinsa. Duk mai riƙe guduma yana da kaso. Da aka zo rubuta dokokin sai aka tsaya a layin farko: me za a kira abin?

2/ Kofaretif ake cewa a kasuwa, amma mutanenmu in sun ji haka, asusun ajiya da bashi ke zuwa musu, irin wanda ake cira daga albashi. "Gama kai" ma ta yi faɗi, ta haɗa da manoma masu sayen taki tare.

3/ Wani dattijo ya ce gayya. Baba, gayya ta yini ɗaya ce, kuma amfanin na mai gona ne. Adashi kuɗi ne ke zagayawa, ba a aiki tare. Gandu ya fi kusa, ana noma tare ana ci daga rumbu ɗaya, sai dai a gandu maigida ke yanke magana, kuma wannan shi ne abin da tsarin ya zo ya kawar.

4/ Ga abin da sunan zai ɗauka. Masu aikin su ne masu wurin. Kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, ko jarinsa ya ninka na wani. Su ke zaɓen manaja, su ke sauke shi. Riba kuma bayan an ware ajiya, gwargwadon aikin mutum ake rabawa. Kusan haka ake yi a Mondragon, wata babbar gamayyar kofaretif ta masu aiki a yankin Basque na Sifaniya, wadda ta fara a 1956 da ƙaramar masana'antar murhun kananzir, yau kuma dubun dubatar mutane ke aiki a cikinta.

5/ "Ƙungiyar ma'aikata" ba za ta yi ba, ƙwadago za a zata, masu ciniki da mai kamfani kan albashi. Kuma a rubuce ma'aikata na iya zama mutane ko ofishin gwamnati.

6/ Ni dai "haɗakar masu aiki" na zaɓa. Haɗaka tamu ce, tun muna yara mun san in an yi haɗaka kowa ya zuba kuma kowa na da baki. Ta zauna a harshe: na shiga haɗaka, ɗan haɗaka, taron 'yan haɗaka. Sunan yana da nauyi a aikace, don wanda ya ɗauka adashi ya shiga zai nemi kwasarsa bayan wata shida, alhali kuɗin sun zama injin yankan katako.

7/ A takardar rajista da ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha, sunan Turanci doka za ta gani. Abin da ake faɗa a shago da taro nake nema mana. Teloli da makanikan Dilimi, ya kalmar ta faɗo muku a kunne?